Yadda nake buga bidiyo a faifan DVD ba tare da murya ta tsere wa baki ba

Wata Hajiya ta taɓa dawo mini da faifan bikin 'yarta kwana biyu da karɓa. Ta ajiye shi a kan tebur ta ce, "Malam, wannan faifai naka da aljanu a ciki. Sai maroƙiya ta gama kirari sannan take buɗe baki." Na saka shi a na'urar shago. Farkon kamu lafiya lau. Da aka zo wajen liƙi murya ta ɗan riga baki, kafin a kai ga buɗar kai kuwa ta ba shi rata ta sakan biyu da wani abu. Yaron shagona ya ce, "Maigida, faifan ne ba mai kyau ba." Na biye masa. Muka buga na biyu, muka buga na uku da wani kamfanin faifai daban, duka suka fito da ciwo iri ɗaya, a wuri ɗaya.

Faifai uku na yi asara kafin in yarda da abin da nake so ka fara riƙewa: in murya da baki sun saɓa, da wuya laifin ya zama na faifai. A cikin DVD ba a jera hoto da murya kafaɗa da kafaɗa ba. Ana yayyanka su ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bayit 2,048, a cuɗanya su, a riƙa buga musu hatimin lokaci a kai a kai da wani agogo mai bugawa sau 90,000 a sakan. Na'urar kallo hatimin take bi. Wanda aka ce ya fito a sakan kaza, a nan za ta fito da shi. Hasken lesa da ke rubuta faifai bai san wannan ƙunshi murya ne wancan hoto ba, kwafa kawai yake yi. Saboda haka in an buga hatimin a karkace tun a kwamfuta, ko faifai dubu ka buga, a karkace za su fito.

Fara da gane irin ciwon

Kafin ka taɓa komai, buɗe fayil ɗin a kwamfuta da manhajar kallon bidiyo ta VLC ka duba wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Kada ka zuba ido a kan magana gaba ɗaya, ido yana ruɗuwa. Nemi inda leɓe ke haɗuwa, wajen harafin "b" ko "m". "Bismillahi" ta ishe ka, ko "barka", ko "amarya". In akwai tafi ko makaɗi yana dukan ganga, ya fi. A VLC na Windows, maɓallin K yana jinkirta murya, J yana gaggauta ta, kowane danni milisakan 50, wato kashi 50 cikin dubu na sakan. Danna har baki da murya su haɗu, ka rubuta adadin. Yi haka a wuraren uku.

In adadin ɗaya ne a ko'ina, ka yi sa'a. Ja layin muryar gaba ko baya a manhajar tace bidiyo da wannan adadin, shi ke nan. In ratar tana ƙaruwa sannu a hankali, tsakiya rabin ta ƙarshe, to agogo biyu ne ba su jitu ba, kuma miƙa muryar ko tsuke ta za ka yi. In kuwa lafiya ake tafiya sai a wani wuri ta yi tsalle, ta zauna, can gaba ta sake tsalle, to an zubar da firem, wato ɗaiɗaikun hotunan da ake jerawa su zama bidiyo, a hanya ko an yi mugun haɗi. Wannan na uku shi ne mai cin rai, shi ne kuma na Hajiya.

Nawa ne ratar da mutum ke lura da ita? Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan haka: ana fara ganewa in murya ta riga hoto da milisakan 45, amma in a baya take sai ta kai wajen 125. Dalilin a fili yake. Ka tuna mai faskare a can nesa, kana ganin gatari ya sauka sannan ƙara ta iso. Kunne ya saba da jira. Bai saba da jin ƙara kafin gatari ya sauka ba. Firem ɗaya a tsarinmu milisakan 40 ne. Don haka ni in na rasa yadda zan daidaita tsaf, nakan bar murya a baya da firem ɗaya, ba na barin ta a gaba ko da rabi.

Lambobi biyu da ba a wasa da su

DVD na ƙasarmu firem 25 yake so a sakan, girman hoto 720 da 576, murya kuma a auna ta sau 48,000 a sakan. Talabijin ɗin Najeriya a kan tsarin PAL aka gina shi, na Nijar a kan SECAM, amma duka firem 25 ne, kuma a faifan DVD babu bambanci tsakaninsu. Faifan da ka buga a Kano zai yi a Maraɗi ko Damagaram ba gyara.

Mu da muka taso a zamanin VCD muna da wata tsohuwar ɗabi'a. VCD da faifan sauti na CD murya 44,100 suke ɗauka, kuma har gobe yawancin waƙoƙin MP3 da mai kiɗan biki zai tura maka haka suke. In manhaja ta ɗauki 44,100 ta karanta ta a matsayin 48,000 ba tare da ta juya ta ba, muryar awa guda za ta ƙare a minti 55 da sakan 7, mai magana kuma ya koma kamar ya sha iskar balan-balan. Wannan ba ya ɓuya. Maganinsa shi ne ka juya kowace murya zuwa 48,000 tun kafin ka shigar da ita aikin, da Audacity ko wata manhaja, juyawa ta gaskiya, ba sauya lamba a suna ba. Masu tsofaffin kaset na MiniDV ku kula: kyamarori da yawa sun zo a saite a kan 32,000, kuma na sha ganin kaset guda rabinsa 32,000 rabinsa 48,000 saboda hannu biyu ne suka yi ɗauka a kai. Irin wannan a raba shi gida biyu wajen shigarwa kwamfuta.

Wanda ke ɓuya shi ne na firem. Kyamarar da aka sayo daga Amurka 29.97 take ɗauka, wayoyi kuma 30 suke nufi. Bambancin 30 da 29.97 ɗaya ne cikin dubu, kamar ba komai ba. Lissafa shi a awa guda ka gani: sakan 3.6. In manhaja ta ɗauki wannan a matsayin wancan, mintuna goma na farko ba wanda zai ce uffan, a ƙarshe kuwa ango zai yi godiya bayan an riga an ji ta.

Mayar da 30 zuwa 25 hanya biyu ce, kuma a nan yara ke faɗawa rami. Ko dai a cire firem biyar a kowane sakan tsawon bidiyo ya zauna yadda yake, ko a bar firem duka a rage musu gudu. Ta biyun tana mayar da awa guda minti 72, murya kuma tana nan a minti 60. Ta farko kake so. Bayan ka juya, kwatanta tsawon sabon fayil da tsohon. In sun bambanta da fiye da ƙiftawar ido, an bi ta biyun. In kuma duk ɗaukar bikin a 29.97 aka yi ta, ba laifi ka buga faifan a tsarin NTSC na Amurka ka huta da juyi, yawancin na'urorin da suka ratsa shagona suna karanta duka biyun. Sai dai kada ka gauraya tsari biyu a faifai ɗaya.

Waya

A bikin Hajiya batirin kyamara ne ya mutu ana tsakiyar liƙi, ƙanin amarya ya ci gaba da ɗauka da wayarsa, daga baya aka turo mana muka haɗa. Waya ba ta riƙe firem a tsaye. In haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi sai ta rage, yanzu 30, an jima 24, an jima 17, tana rubuta lokacin kowane firem a gefe. A cikin waya lafiya lau yake fita domin tana bin abin da ta rubuta. DVD bai san wannan sassauci ba, kuma tsofaffin manhajoji ƙirga firem kawai suke yi su raba da lamba guda. Duk inda waya ta rage gudu, hoto sai ya gajarce ko ya miƙe, murya ta yi gabanta.

Saka fayil ɗin a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil. In ka ga an rubuta Variable a gaban Frame rate mode, kada ka shigar da shi aiki tukuna. Wuce da shi ta manhajar juya bidiyo ta HandBrake, ka zaɓi firem 25, ka danna Constant Framerate, ka ba shi inganci mai yawa don kada hoton ya sha wuya sau biyu. Sabon fayil ɗin ne za ka yi aiki da shi. Haka na yi wa na Hajiya, na sake ɗora shi a wurinsa, baki da murya suka shirya. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp ma a yi masa haka ko da bai nuna alama ba, kuma in da hali a karɓo na asali daga wayar da waya ko filashi, domin wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi.

In kai ne mai ɗauka

Rabin wahalar nan a filin ɗauka ake kashe ta. Saita kyamarori duka a kan 25 ko 50, da ma wutarmu 50 take bugawa a sakan, fitilun zaure ba za su riƙa kyafkyafta a hoto ba. In za ka ɗauki murya daban, daga mikisar mai kiɗa ko da ƙaramar rakoda a gaban malami, sa wani ya tsaya gaban kyamara ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi a farko. Abin da mutane ke mantawa shi ne tafi na biyu a ƙarshe, kafin a kashe komai. Tafin farko yana ba ka wurin ɗora murya. Na ƙarshe yana gaya maka ko agogon rakoda da na kyamara sun yi tafiya tare.

Ba sa yi. Kowace na'ura da nata agogon, kuma in sun bambanta da kashi ɗaya kacal cikin dubu goma, a awa guda rata ta kai sakan 0.36, firem tara ke nan. A tafsirin awa biyu ka ga abin da zai zama. Auna tsakanin tafi da tafi a hoto, ka auna a murya. In hoto ya ba ka sakan 3,600 murya ta ba ka 3,600.36, ƙara wa muryar gudu da kashi 0.01 cikin ɗari a Audacity. Kunne ba zai ji sauyin ba, amma tafi biyun za su zauna daram.

Akwai kuma ratar da iska ke kawowa. Sauti yana tafiyar mita 340 da 'yan kai a sakan. In ka kafa kyamara a bayan fili, mita 30 daga malami, ka jawo fuskarsa kusa da zum, muryar da makirufon kyamara ya kama ta makara da wajen milisakan 90, fiye da firem biyu. Wanda ke zaune a filin bai damu ba. Mai kallo a falo yana ganin fuska a gabansa, zai ji wani abu bai yi ba. Ja muryar gaba da firem biyu, ta fito da wuri.

Haɗi da tsofaffin kaset

Kyamarori da yawa suna yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa, saboda katin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gig 4. DVD ma haka, yana raba fim zuwa fayilolin VOB na gig ɗaya-ɗaya. Yankan ba ya duba inda firem ya ƙare. Ga shi kuma ƙunshin muryar AC-3, wato matsattsiyar muryar DVD, milisakan 32 ne, firem na hoto 40, ba su cika ƙarewa tare ba. In ka jawo gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya ka jera a manhaja, kowace mahaɗa tana iya cin ɗan guntun murya, kafin ka wuce mahaɗa huɗu an ji a jiki. Haɗe su tukuna su zama fayil guda. A Windows, cikin cmd:

copy /b VTS_01_1.VOB+VTS_01_2.VOB+VTS_01_3.VOB duka.vob

Mai lamba 0 a ƙarshe, VTS_01_0, na menu ne, bar shi.

Kaset ɗin VHS da ake kawo mini, na bikin iyaye ko na dawowa daga Makka, su ne suka fi gwada haƙurina. Tef ya tsufa, ya miƙe, wani ya sha damina a ƙasan akwati. Duk inda hoto ya girgiza, na'urar shigarwa sai ta zubar da firem, murya kuma ba ta tsayawa jiran kowa. Firem 25 in sun zube, sakan guda ya tafi. Abin da nake yi, na farko in tura kaset ɗin har ƙarshe in dawo da shi don tef ya saki jiki. In ya yi fumfuna ba na saka shi a na'urata sai an goge. Sannan in bi da hoton ta na'urar da ke daidaita bugun sigina, wadda ake kira TBC. In babu, wasu tsofaffin na'urorin DVD masu ɗauka suna yin rabin wannan aiki in ka ratsa da waya ta cikinsu. Ina sa ido a kan ƙirgen firem da suka zube a manhajar shigarwa ta VirtualDub. Kuma duk inda mai kyamarar wancan zamani ya tsaya ya sake kunnawa, inda yashi ke fitowa a allo, nan nake tsayawa in fara sabon fayil. Gara in daidaita gunduwa shida kowace da nata gyaran da in yi kokawa da awa uku a dunƙule.

Matse bidiyo daidai cikin faifai

Faifan DVD mai hawa ɗaya bayit biliyan 4.7 yake ɗauka, wanda kwamfuta ke nuna maka a matsayin gig 4.38. Ninka 4,700 sau 8, ka sami megabit 37,600. Raba da tsawon bidiyonka a sakan. Awa biyu sakan 7,200 ne, ya ba ka 5.2 a sakan, hoto da murya da komai. Cire na murya, ka bar sarari, sai ka ba hoto wajen 4.6. Awa uku zai sauko wajen 3, kuma a nan rawa da ƙyalƙyalin leshi za su fara farfashewa. Ni daga awa biyu da rabi faifai biyu nake yi.

Ƙa'idar DVD ta yarda hoto ya kai megabit 9.8, duka-duka 10.08. Kada ka je kusa. Wannan iyaka ta dace da faifan da aka buga a masana'anta. Namu na shago bai kai shi hasken karatu ba, kuma na'urar da ke gidan mai biki ta sha ƙurar hunturu shekara biyar. In ta kasa jawo bayanai da saurin da ake buƙata, hoto ya daskare, murya ta wuce, wata na'urar ta kamo, wata sai an tsayar an sake kunnawa. Ba na bari ƙololuwa ta wuce 8. Murya kuma AC-3 a kan kilobit 192 a sakan, ba PCM ba, wato muryar da ba a matse ba, wadda ita kaɗai ke cin kilobit 1,536.

Ga mai amfani da ffmpeg, layi ɗaya ya isa:

ffmpeg -i biki.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 -b:v 4600k -maxrate:v 8000k -b:a 192k -af aresample=async=1 biki.mpg

Daga nan sai manhajar DVDStyler ta ɗora menu. Kada ka ce mata ta buga kai tsaye. Ce mata ta fitar da fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, a kan kwamfuta, ka buɗe shi da VLC, ka sake duba farko, tsakiya, ƙarshe. Faifai ba ya shiga sai wannan ya wuce.

Luguden da ke cikin faifai

Akwai wani daidaiton na biyu, wanda shi kam na faifai ne, kuma in ka gane shi za ka daina yi wa bugu garaje. Faifai ba shi da layin agogo daban. Layi ɗaya ne tak, ya naɗe daga tsakiya zuwa baki, an jera masa tabo da fili, tabo da fili. Daga tsawon waɗannan na'ura ke ciro bayanai, daga gare su kuma take ciro agogonta. Kamar mata masu lugude ne a turmi ɗaya: ba mai ƙirga musu, kowace tana jin saukar taɓaryar 'yar'uwarta ta san lokacin tata. In aka yi dogon shiru, ƙirge ya ɓace. In aka yi sauri fiye da kima, taɓare su gwabza.

Shi ya sa lokacin da Philips da Sony suka tsara CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, ba su rubuta bayanai yadda suke ba. Wani injiniyan Philips ɗan ƙasar Holan, Kees Schouhamer Immink, shi ne ya yi fice a kan dabarar da ake kira EFM: kowane bit 8 a mayar da shi 14, a zaɓi waɗanda za su sa babu tabo ko fili da ya gaza bugu 3, babu wanda ya wuce 11. Ta haka ba a dogon shiru, ba a kuma cunkoso. Sau 7,350 a sakan kuma ana saka wata alama ta musamman mai cewa ga farkon layi, don in na'ura ta yi tuntuɓe ta san inda za ta kamo. DVD ya zo da ƙanin wannan dabara, EFMPlus, 8 zuwa 16, alamarsa kuma tsawon bugu 14 ce, tsawon da ba ya taɓa fitowa a cikin bayanai. Mafi ƙanƙantar tabo a DVD bai wuce kashi 0.4 cikin dubu na milimita ba.

Faifan da ba a rubuta ba ma ba fili ne fetal ba. An riga an zana masa kwari mai ɗan lanƙwasa kamar tafiyar maciji, daga wannan lanƙwasa na'urar bugu ke sanin gudunta da inda take. Kafin ta fara, takan gwada ƙarfin lesa a wani ɗan wuri can ciki. Duk aikinta shi ne ta ƙona rinin faifai ta yadda bakin kowane tabo zai fito tsaf. In bakin ya yi dishi-dishi, na'urar karatu ta kasa bambance bugu 3 da 4, kurakurai su taru, gyara ya gaza, hoto ya fara tsalle.

To ga abin da wannan ke nufi a hannu. Faifan da aka rubuta masa 16x, ina buga shi a 8x ko 6x. Bambancin 'yan mintuna ne. Amma kada ka ce tunda sannu ta fi bari in sauka 1x ko 2x. Rinin faifan yanzu don gudu aka yi shi, jan ƙafa da yawa ma yana ɓata shi. Kada ka cika faifai maƙil. Rubutu daga ciki yake farawa, bakin waje shi ne inda rini ya fi rashin daidaito, nan ne kuma yatsu ke taɓawa. Ina tsayawa wajen gig 4.1. In na'urar mai biki tsohuwa ce, DVD-R ya fi shiga. Mai hawa biyu na gig 8.5 ina guje masa a aikin biki, domin wurin sauya hawa yana sa wasu na'urori su yi tsai.

Sai batun randa. Na'urar bugu tana da ɗan ma'aji, sau da yawa meg 2 ne kawai, kwamfuta na zubawa lesa na kwasa. A gudun 8x ana kwasar wajen meg 11 a sakan, ka ga randar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba in mai zuba ya tsaya. A da, in ta ƙafe faifai ya mutu ke nan. Wajen shekarar 2000 Sanyo ta fito da BURN-Proof, wasu kamfanoni suka biyo da nasu, na'ura ta koyi tsayawa ta jira ta ɗora daga inda ta tsaya. Duk da haka ɗori ɗori ne, ba na son sa da yawa a faifaina. Don haka ISO ya zauna a kan hadis na cikin kwamfuta, ba a filashi ba. A rufe intanet da duk wani aiki. Kada a matsa teburin. In kwamfutar tebur ce a haɗa ta da UPS, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta kana kashi 90 za ka tuna da ni. Ba na bugu a daidai lokacin da za a sauya daga wuta zuwa janareto.

Manhajar ImgBurn nake amfani da ita wajen bugu, tsohuwa ce, tun 2013 ba a sabunta ta ba, amma tana aiki. Sa alama a kan Verify, ta karanta faifan bayan bugu ta gwada shi da ISO. In kuma da na'urar DVD mai ɗauka ka yi aikin, kada ka manta ka rufe faifan da Finalize, in ba haka ba a cikinta kaɗai zai yi.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfuta nake yi ba, domin idon kwamfuta yana da haƙuri. Ina da wata 'yar na'ura mai arha a ƙarƙashin tebur, murfinta ma da salatif yake riƙe. In faifai ya yi a cikinta, zai yi a ko'ina. Nakan tsallaka kai tsaye zuwa babin ƙarshe, inda faifai ya fi rauni kuma rata ta fi taruwa, in kalli minti biyu, in koma tsakiya. Sai in rubuta suna da maka mai laushi. Ba na manna takarda, tana sa faifai ya yi rawa a gudu in ta fara ɓallewa. Nakan gaya wa mai faifai ya ɓoye shi daga rana, kuma in zai goge ya goga daga tsakiya zuwa baki. Karcen da ya ratsa layi gyaran DVD yana iya cike shi, amma wanda ya bi layi a zagaye in ya wuce wajen milimita 6 ya fi ƙarfinsa. ISO kuma ina ajiye shi wata uku, saboda dangi sukan dawo neman ƙari.

In duk ka yi wannan aka sake dawo maka da faifai ana cewa murya ta riga baki, a shagonka kuma lafiya yake, tambayi yadda aka haɗa wayoyi a gidan. Sau da yawa za ka tarar hoto ya tafi talabijin ta bango, murya kuma an ja ta kai tsaye daga na'ura zuwa manyan sifiku. Talabijin ɗin tana ɗaukar lokaci tana gyara hoto kafin ta nuna, sifiku ba sa jira. Ka ce su ɗauki muryar daga bayan talabijin, ko su nemi wurin jinkirta murya a saitin amfilifaya su ƙara kaɗan-kaɗan har leɓe ya haɗu da "b".